Tasha ɗaya, fuska daban-daban: sharhina kan talabijin na kyauta ta intanet

Tun hunturun bara muka daina biyan kuɗin tashoshi na wata-wata a gidanmu da ke Manchester. Abin da ya maye gurbinsu shi ne tashoshin nan na kyauta da ake kallo ta intanet, waɗanda talla ke ɗaukar nauyinsu. Ba a neman katin banki, galibi ma ko rajista ba sai ka yi ba. Suna da yawan gaske, amma guda ce ta zama 'yar gida: wata tashar fina-finan Najeriya da ke aiki dare da rana. Na kalle ta a talabijin ɗin falo, da tsohuwar talabijin ta ɗaki wadda muka soka wa 'yar na'urar intanet a baya, da waya, da kwamfuta. Ra'ayina shi ne tashar ta cancanci kallo. Sai dai in wani ya yaba maka ita ko ya kushe ta, fara tambayarsa a ina ya kalla, don mai yiwuwa ba abu ɗaya kuka gani ba.

Dalili kuwa, masu irin wannan tasha ba su da eriya, ba su da tauraron ɗan'adam, sau da yawa ko manhaja tasu ta kansu babu. Fina-finai suke da su. Sai su ba wani kamfanin fasaha, irin su Amagi na Indiya ko Wurl na Amurka, ya jera musu shirye-shiryen bisa jadawali, ya sa alama a wuraren da talla za ta shiga, sannan ya aika wa dandamali daban-daban: Samsung TV Plus, LG Channels, Plex, The Roku Channel da sauransu. Kamar mai saƙar hula ne da ya rarraba kayansa a shagunan mutane. Hular ɗaya ce, amma wani ya rataye ta a bakin ƙofa, wani ya tura ta ƙarƙashin kanta. Kowane dandamali shi ke zaɓar lambar da zai ba tashar, da rukunin da zai saka ta, galibi har da tallar da zai cusa, kuɗin tallar kuma a raba tsakaninsa da mai tasha.

A falo ne abin ya fi yi mini daɗi, kuma Hajiya ce ta nuna mini dalili lokacin da ta zo ganin jikoki. Talabijin ɗin ta Samsung ce, tashoshin kyautar a cikinta suke tun daga kamfani, tsarin da suka fara a 2015. Kana kunnawa ka danna sama ko ƙasa, tasha ta bi tasha, kamar yadda aka saba tun zamanin NTA. A da in na buɗe mata manhajar fina-finai ta biya, hotuna su cika fuskar talabijin, sai ta miƙo mini rimot ta ce, "Kai dai sa mini wani abu." Da wannan kuwa sau ɗaya na nuna mata lambar. Bayan azahar za ka same ta a kan kujera, carbi a hannu, fim ya yi nisa ba ta ga farkonsa ba, kuma ko a jikinta. Can sai ka ji ta ce, "Wannan matar ba za ta gama lafiya ba." Turancin bai dame ta ba, fuska take karantawa. Mu da muka saba ɓata rabin awa muna neman abin kallo har abinci ya huce, mun manta cewa a zaɓa maka ma wani hutu ne.

Talla kuwa nan ne bambancin ya fi fitowa. Na taɓa ajiye waya kusa da talabijin, tasha ɗaya, fim ɗaya. Wayar na baya da 'yan daƙiƙu, wannan ba komai ba ne. Da lokacin talla ya yi, talabijin ta kawo tallar mota da ta inshora, wayar kuwa ta tsaya a kan wani allo mai tambarin tashar, ana kaɗa ɗan kiɗa, an rubuta cewa yanzu za a dawo, agogo na ƙirga minti biyu. Ma'anarsa wannan dandamalin bai samu mai sayen gurbin ba a lokacin. Ba na jin haushin talla, ita ce kuɗin shiga, kuma ba ta kai yawan ta tashoshin kasuwanci na gargajiya ba a idona. Amma wannan allon jira, in ya dawo sau da yawa a fim guda da kiɗansa iri ɗaya, har yara sun haddace shi suna yi da baki, ya fi kowace talla gajiyar da mutum.

Akwai kuma wata manhajar da ke kan na'urar ɗaki, ba zan kama suna ba, wadda take yanka fim a tsakiyar magana. Uba na cikin tsine wa ɗansa, bai ƙarasa ba, sai ga tallar sabulun wanki da ƙarar da ta ninka ta fim ɗin. In an dawo, an wuce wurin. A wannan manhajar dai, da dare, tallar caca ta sha shigowa muna zaune da Hajiya da yara. Ta dube ni ta ce, "Wannan kuma mene ne?" Na ce, "Talla ce, Hajiya, ku yi haƙuri," na rage murya. Galibi mai tasha ba shi ke zaɓar tallar ba, na'urar dandamali ce ke zaɓa wa kowane gida tasa. Mai iyali ya san da wannan kafin ya bar yara su kaɗai da rimot.

Laifin da yake na tashar kanta shi ne maimaici. Fina-finan da suka mallaki haƙƙin nunawa ba su kai su cika awa 24 kullum ba, don haka juya su ake yi. Wanda ka gani daren Talata zai dawo safiyar Alhamis. Jadawalin ma a wani dandamali yana da sunan fim da taƙaitaccen bayani, a wani kuwa sunan tashar kawai aka jera tun daga safe har dare.

Kada kalmar kyauta ta sa a ɗauka ƙaramar harka ce. Kamfanin Viacom na Amurka ya sayi dandamalin kallon kyauta na Pluto TV a 2019 kan dala miliyan 340. Kamfanin Fox ya sayi wani irinsa mai suna Tubi a 2020 kan dala miliyan 440, ya kawo shi nan Birtaniya a 2024. Walmart, wanda kanti ne, ya sayi kamfanin talabijin na Vizio kan kusan dala biliyan 2.3, kuma sashen tallarsa ne babban abin da ya hango. Shi wannan Vizio a 2017 ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda tattara bayanan abin da mutane ke kallo ba da yardarsu ba. Shi ya sa na shiga saitin talabijin ɗinmu na kashe sashen da ke bibiyar kallo. Tashoshin ba su daina aiki ba.

Ƙanena da ke Kano ya so ya gwada da na ba shi labari. Wasu manhajojin sun ce masa ba sa aiki a ƙasarsa, domin haƙƙin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayensa. Wadda ta buɗe kuma jerin tashoshinta ya bambanta da nawa. Sannan ga data: kallon awa guda yana iya cin giga ɗaya, in hoton mai kaifi ne har uku, ga shi tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ya ce, "Yaya, kyautar taku ta fi ƙarfina," ya koma kan dish ɗinsa, inda Arewa24 ke zuwa ba tare da ya sayi data ba.

Abin da na yi ta nema a jerin tashoshin ban samu ba shi ne ta Hausa. Na ci karo da ta fina-finan Indiya, da ta Koriya, da wadda ba ta nuna komai sai wutar murhu tana ci. Furodusoshin Kannywood sun karkata ga YouTube, can ma talla ce ke biya, kuma tsofaffin fina-finan zamanin kaset da faifai suna nan jibge, sun isa su riƙe tasha ba tare da maimaicin da nake kuka da shi ba. Masu talla a nan sun fi na gida biya, Hausawa kuma akwai su daga Landan har New York.

Ga wanda ke Birtaniya ko Amurka da intanet marar iyaka a gida, ya fara da tashoshin da suka zo cikin talabijin ɗinsa kafin ya sauke wata manhaja. In ya samu tashar da yake so a wuri biyu, ya kalli lokacin talla a kowanne, ya riƙe wanda ba ya yanka magana. Ni a falo na tsaya, na goge ta ɗakin.