Busasshiyar ɗaɗɗoya ta kwalba: a tukunya ta yi, a kan faranti kam a'a

Ɗaɗɗoyar nan, wato basil da Turanci, da ake busarwa a murmushe a zuba a 'yar kwalba mai murfi huji-huji, na ga mutane na ta tambaya wai ko za ta iya maye gurbin ɗanyen ganyen. Gaskiya ba ko'ina ba.

Kana buɗe murfin za ka ji ƙamshin ba irin na ɗanyar ba ne, ya fi karkata wajen na'a-na'a da ɗan kanumfari can ƙasa-ƙasa, kuma ba abun mamaki ba ne tunda danginsu ɗaya da na'a-na'a, sannan sinadarin eugenol ɗin da ke ba kanumfari ƙamshinsa akwai shi a man ganyenta. Shi man nan iska yake bi, shi ya sa in aka busar sai mai daɗin ƙamshin ya gudu ya bar mai nauyin.

Inda ta burge ni shi ne miyar tumatir da za ta jima a wuta. Ka ɗebi ƙaramin cokali ɗaya ka murza a tafin hannu tukunna, ka zuba tun albasa da tafarnuwa na soyuwa a mai, kafin tumatirin ya tsotse ruwansa wallahi duk kicin ya ɗauka, in aka juye a kan taliya ba a cewa komai. A jiƙa kaza ko nama da ita ma ta yi. Amma a kula da hannu fa, ƙaramin cokali ɗaya nata shi ne babban cokali ɗaya na ɗanyar, wato 1 ga 3, in ka zabga da yawa ɗaci za ta sa maka.

Ɗanyar ita sai an sauke tukunya ake yayyaga ta a kai don zafi kashe ta yake. Kuma irin su pesto, haɗin nan na mutanen Genoa a Italiya da ake daka ganyen a turmi da tafarnuwa da cuku da man zaitun da 'ya'yan itacen pine, kar ma ka gwada da ta kwalba, asarar man zaitun kawai za ka yi. Salak ma haka, sai ka ji kamar kana tauna ciyawa.

Kwalbar wadda na saya ce ta ɗan ba ni haushi. Gilashi ne fari tas, haske na shiga yana kodar da ganyen, na saman har ya fara komawa ruwan toka, hujin murfin kuma sun yi faɗi, ga 'yan itatuwa da ba a tsince ba. Kar a riƙa kaɗa ta a saman tukunya mai tururi, danshi zai shiga ta dunƙule.

Maganar lafiya kuma a bi a hankali da masu talla. Eh tana da bitamin K sosai, ɗanyar giram 100 ta haura maikurogiram 400, to amma wa ke cin giram 100 a zama ɗaya? Yawancin binciken da ake yaɗawa na kashe ƙwayoyin cuta a kan tataccen manta aka yi a ɗakin gwaji, ba a kan ɗan barbaɗen miya ba, wasu kuma a kan tulsi ne, wata 'yar'uwar ɗaɗɗoya ta Indiya wadda irinta daban. Shayinta dai mutane sun daɗe suna sha don kumburin ciki, ni ma yana min daɗi bayan cin abinci mai maiƙo. Amfanin da na fi yarda da shi shi ne in abinci ya yi ƙamshi ba sai ka cika gishiri ba. Mai shan warfarin, maganin nan na tsinka jini, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da pesto abincin kullum, saboda bitamin K ɗin nan.

Zan ƙara saya, amma ƙaramar kwalba, in ajiye ta cikin kabad nesa da murhu. Ɗanyar kuma kar a jefa ta firij, baƙi take yi, a tsoma kararta a kofin ruwa a ajiye a kan tebur.