Seymour Duncan Distortion a jitata, bayan wani ya sayar min da jabu

Duk wanda ke kaɗa jitar lantarki da gein (ƙarfin da ake ƙara wa sauti har ya yi ruri) mai yawa, irin kiɗan da ake danne tsirkiya da gefen tafin hannu ana dukan ta ƙasa, ina shaida masa cewa fikof ɗin nan na Seymour Duncan Distortion, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi tana ɗaukar rawarsu ta tura wa amfilifaya, ya biya ni. A gurbin baya na sa shi, kusa da birij, inda tsirkiyoyi suke kafe a jikin jitar, kuma tun bugun farko na ji jitar ta canza murya. Da can idan na murɗe gein, tsirkiyoyin ƙasa sai su cakuɗe, ba ka bambance wannan da waccan, gurnani ne kawai ke fita. Yanzu kowace tana fita da muryarta, in na danne ta tsaya cak, in na saki ta yi ruri. Maganaɗisunsa na siramik ne, babba, an kuma naɗa masa waya da yawa, awonsa a mita ya ɗan haura 16k (om 16,000), shi ya sa yake tura amfilifaya da ƙarfi tun kafin a taka fedal.

Abu ɗaya da mai saye zai lura: iri biyu ne. Akwai SH-6, akwai TB-6. Jitata mai birij ɗin Floyd Rose ce, tsirkiyoyinta sun fi buɗewa a baya, don haka TB-6 ya dace da ita, domin ƙusoshinsa suna zama daidai ƙarƙashin kowace tsirkiya. Bambancin kusan milimita 3 ne kawai, amma da ido za ka gan shi a tsirkiya ta farko da ta shida.

To amma kafin in kai ga wannan na sha baƙin ciki, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan. Na farkon da na saya daga wani mai shago ne a intanet. Hotuna tsaf, kwali tsaf, suna a rubuce a fuskar fikof ɗin. Na tambaye shi ko na asali ne, ya ce: "Ranka ya daɗe, orijinal ne, daga Amurka ya zo, in ba haka ba ka dawo min da shi." Farashin ya ɗan yi ƙasa da na sauran wurare, ya ce ragowar kaya ne yake son ya rabu da su. Na tura kuɗi, kaya suka iso Kaduna ta mota, aka ɗaura min. A ɗaki, da sauti ƙasa-ƙasa, ban ji wani abin tuhuma ba.

Ranar da muka je wasa a wani zauren biki abin ya tonu. Mun gama waƙoƙin sanyi lafiya lau, aka zo inda zan taka fedal ɗin distoshan, mai sa sauti ya yi ruri, in shiga da ƙarfi. Ina takawa sai wani fito mai tsini ya tashi daga lasifika, irin wanda ke shiga har cikin haƙori. Ba irin kuwwar nan mai daɗi ba ce da mai jita ke nema da gangan, wadda kana danne tsirkiya take ɗaukewa. Wannan na danne tsirkiyoyin duka shida da hannu biyu, bai daina ba. Na juya wa amfilifaya baya, na matsa gefe har wayar ta miƙe, yana nan. Mai waƙarmu ta toshe kunne, wata dattijuwa a layin gaba ta miƙe ta koma baya, yara suna ta dariya. Mai kula da sauti ya leƙo ya ce: "Malam, zan sauke ka, mutane na ƙorafi." Ya sauke ni kuwa, sauran wasan na ƙarasa shi da fikof ɗin wuya, na gaba da ke kusa da wuyan jitar, ba tare da distoshan ba, sashen da na daɗe ina gwadawa ya tafi a banza. Wallahi har yau in na tuna fuskar ango yana waige-waige raina ɓaci yake yi.

Washegari na kai jitar wurin wani dattijo mai gyaran amfilifaya da kayan sauti. Bai ma kwance komai ba da farko. Ya jona ta, ya murɗe gein, ya ɗauki sukundireba ya ɗan ƙwanƙwasa jikin fikof ɗin, sai ga ƙarar ta fito ta lasifika kamar ana buga ƙofa. Sannan ya kai bakinsa dab da shi ya ce "salamu alaikum", muka ji muryarsa ta fito raɗau. Ya ce: "Ɗana, wannan makirfo ka saya. Fikof na gaskiya ba ya jin magana, rawar tsirkiya kaɗai yake ji." Da ya kwance shi ya ɗaga baƙin tef ɗin da ke kewaye, sai ga wayar jan ƙarfe a sake, kana taɓa ta tana motsi, babu ko ɗigon kaki a jikinta. Fikof ɗin da aka yi don gein mai yawa ana tsoma shi ne a narkakken kaki, kakin ya shiga tsakanin zagayen wayar ya ƙame su. Idan babu shi, ƙarar lasifika ce ke girgiza wayar, girgizar ta koma amfilifaya, ta sake fitowa, haka za su yi ta zagaye har ya zama fito. Ya ɗora mita, awon bai kai 9k ba. Farantin ƙasan kuma ruwan ɗorawa ne, na tagulla mai arha, alhali na asalin fari ne.

Baban ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya narka kyandir da ɗan kakin zuma a gwangwani, ya ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi don kada robar ta narke, ya tsoma fikof ɗin har kumfa ta daina tasowa. Fiton ya ragu ƙwarai, amma sautin bai gyaru ba, domin kaki ba ya ƙara waya, ba ya canza maganaɗisu. Na tura wa mai shagon hoton mita da hoton farantin. Ya ce tunda an ɗaga tef ɗin ba zai karɓa ba. Ta yaya zan san abin da ke ciki in ba a buɗe ba? Daga nan ya daina amsa saƙona.

Na asalin wani abokina ne ya taho min da shi daga waje. Da muka ɗaura, Baba ya sake yi masa sallama, shiru. A nan ne ya nuna min abin da ke rikita masu gyara da yawa: launin wayoyi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. A na Seymour Duncan baƙar waya ce ke ɗauke da sauti, a haɗa ja da fara a naɗe su, koriya da tsirarar su tafi at, wato layin ƙasa. A na kamfanin DiMarzio kuwa ja ce mai sautin, baƙa da fara ake haɗawa. Ya kuma duba abin murɗa sautin, ya tarar 500k ne, wanda ya dace da hambaka, wato irin wannan fikof mai kwayil (naɗin waya) biyu, don haka ba mu canza shi ba.

Na yi tunanin fikof ɗin EMG 81 kafin in tsaya a kan wannan, domin wani abokin kiɗana yana da shi kuma shirunsa abin sha'awa ne. Sai dai shi yana aiki da batir mai bolt 9, sai an canza abubuwan murɗawa zuwa 25k, a canza ramin jak, a kuma samo wa batirin wurin zama a cikin katako, ni kuwa ban so a sassaƙa min jita ba. Super Distortion na DiMarzio, wanda ya fito tun 1972, ya fi kauri a tsakiya da ƙasa, ya dace da tsohon rok. JB na Seymour Duncan kuma maganaɗisunsa alniko 5 ne, yana da zaƙi wajen solo, amma ni tsayuwar ƙasa nake nema.

Kada wani ya zaci sabon fikof zai kashe masa duk wata ƙara. Hambaka kwayil biyu ne da aka juya wa juna baya don su cinye zuzar lantarki, dabarar da Seth Lover ya yi wa kamfanin jita na Gibson tun 1955, kuma yana yin aikinsa. Amma inda muke gwaji janareto ne, soket ɗin babu at, in na koma kan fikof ɗin tsakiya mai kwayil ɗaya zuzar nan ta dawo. Kuma shi Distortion ba don sautin garau aka yi shi ba. Wanda ke son irin muryar jitar 'yan Agadas, mai ƙara kamar ƙarfe, ya bar masu kwayil ɗayansa a inda suke. Ni in zan yi kiɗan sanyi sai in ɗan rage sautin daga jikin jitar ko in koma wuya.

Da a ce kan kayan kaɗai zan yi hukunci, tauraro biyar zan ba shi ba tare da jinkiri ba. Amma in na haɗa kuɗin jabun, da na gyara, da na asalin, na kashe abin da ya kusa sayen wata jitar, ga kunyar zauren nan da ba a biya ta da kuɗi. Shi ya sa ba zan iya ce wa kowa ya tura kuɗinsa ga mai shagon da bai taɓa gani ba, komai kyan hoton. Yanzu na wuya nake nema, ina tsakanin '59 da Jazz na Seymour Duncan, kuma na riga na gaya wa wanda ya ce yana da su cewa a shagon Baba za mu haɗu, a ɗora mita, a juya farantin a gani, sannan in ƙirga masa kuɗinsa.