Ma'ajiyar RCSB PDB ga mai neman fahimtar aikin helikes na RNA

Ɗalibin da karatu ya kai shi darasin helikes na RNA yakan tarar da cewa zanen da ke cikin littattafai bai wuce dunƙule biyu da zare ya ratsa tsakaninsu ba. Shafin rcsb.org, wanda shi ne ƙofar Amurka ta shiga ma'ajiyar Protein Data Bank, yana ba da abin da takarda ba ta iya bayarwa, wato siffar furotin ɗin kanta, wadda mutum zai juya ta yadda ya ga dama, ya matso da ita har ya ga mazaunin kowane atom. An kafa ma'ajiyar a 1971 a cibiyar bincike ta Brookhaven da siffofi 7 kacal, yanzu kuwa sun haura 200,000, kuma ba a biyan ko kwabo, ba a ma neman mutum ya yi rajista.

Helikes na RNA inzayim ne, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwayar halitta, da ke ƙona makamashin sinadarin ATP domin warware zaren RNA, mai ɗauke da saƙon halitta, da ya naɗe, ko kuma ɓamɓare furotin da ya manne masa. Da wuya a sami matakin rayuwar RNA da babu hannunsu a ciki. Prp2, Prp16 da Prp22 suna aiki wajen yanke sassan da ba a buƙata daga sabon saƙon RNA, DDX19 yana taimakawa wajen fitar da saƙon daga cibiyar ƙwayar halitta, eIF4A yana share wa ribozom, injin da ke ƙera furotin, hanya kafin ya fara aiki, shi kuwa RIG-I gadi yake yi, yana gane RNA na bairos ya tayar da garkuwar jiki. Mafi girman danginsu shi ne DEAD, wanda aka raɗa wa sunan a 1989 saboda jerin amino asid huɗu da suka yi tarayya a kai.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne wajen kwatanta siffa da siffa. Idan mutum ya rubuta lambar 1FUU, zai ga eIF4A na yis, wanda aka wallafa a 2000, ɓangarorinsa biyu sun yi nesa da juna, wani ɗan siririn zare ne kawai ya haɗa su. Daga nan sai ya buɗe 2DB3, wato furotin Vasa na ƙudan 'ya'yan itace da aka wallafa a 2006, inda ɓangarorin biyu suka rufe kamar awartaki, makwafin ATP yana tsakaninsu, zaren RNA kuma yana kwance a samansu. Manhajar kallo ta Mol* da ke cikin shafin tana ba da damar ɓoye furotin a bar RNA shi kaɗai, kuma a nan ne ake ganin yadda zaren ya lanƙwashe sosai a daidai wurin da wani murɗi na furotin ya tokare shi. Zaren da ya lanƙwashe haka ba zai iya ci gaba da riƙe abokin haɗinsa ba. Wannan kallo kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa dangin DEAD ke warware gajeren naɗi a wuri guda, saɓanin helikes ɗin NS3 na bairos ɗin ciwon hanta nau'in C da ke bin zaren yana tafiya a kansa. Mai sha'awar magunguna ya duba 5ZC9, inda sinadarin rocaglamide ya cusa kansa tsakanin eIF4A da RNA ya ƙulle su, abin da ya sa ake nazarin irinsa wajen yaƙi da ciwon daji.

Ga masu bincike a Najeriya akwai abin dubawa na musamman. Furotin NP na bairos ɗin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana narkar da RNA mai zare biyu, wanda shi ne alamar da RIG-I ke farauta, kuma siffofinsa suna cikin ma'ajiyar.

Sai dai shafin ba malami ba ne, kuma wanda ya shiga ba tare da shiri ba zai ɓace. Rubuta sunan helikes kawai a gurbin bincike yana kawo tarin sakamako da ya cakuɗa na DNA da na RNA, don haka gara mutum ya zo da sunan furotin ko lambar siffar da yake nema. Babban abin lura kuma shi ne yawancin siffofin ba cikakken furotin ba ne. An datse dogon sashen farko na Vasa kafin a iya daskarar da shi ya zama lu'ulu'un da ake ɗaukar siffarsa, haka ma jelolin DDX3X, wani helikes na dangin DEAD, marasa tsayayyen fasali ba sa fitowa a siffofin gwaji, alhali su ne ke taimaka masa wajen taruwa da RNA a cikin ƙwayar halitta. Shafin yana nuna wannan giɓi a sashen jerin amino asid, amma ba kowa ke leƙa wurin ba. Tun 2022 an ƙara siffofin da manhajar kwamfuta ta AlphaFold ta yi hasashensu, waɗanda suke cike giɓin a ido, sai dai launin lemo da ke kan waɗannan jeloli yana nufin hasashen ba abin dogaro ba ne a wurin.

Kusan komai na shafin da Turanci yake, Turancin ma na ƙwararru. Sashen PDB-101, wanda ke ɗauke da jerin bayanan wata-wata kan furotin da makamantansu da masanin kimiyya David Goodsell ya fara a 2000, ya fi sauƙin fahimta, kuma daga can ya kamata sabon shiga ya fara. Ƙananan siffofi irin 2DB3 suna buɗewa a waya, amma manyan injinan yanke RNA da aka ɗauka da madubin lantarki suna da nauyi, suna cin data, kuma sun fi dacewa da kwamfuta. Malamin da zai koyar da wannan darasi ya fi kyau ya sauke 1FUU da 2DB3 tun kafin shiga aji, domin ana iya ajiye fayilolin a buɗe su da manhaja irin PyMOL ko ChimeraX ko da babu intanet.