Daga Liyon ta Faransa, kan maganar ɗakin Kawu

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Ya zafin Garwa?

Kun ce bayan damina za a yi wa Kawu sabon ɗaki, to kafin a kira magini bari in ba ku labarin wani maƙwabcina. Shi ma a keken guragu yake, kuma shi kaɗai yake zaune a gidajen haya masu rahusa da ake kira HLM. Ran nan ya kira ni shan shayi, na shiga ina ta kallo. Ƙofar mai faɗi ce, ba dokin ƙofa. Makunnin wuta yana daidai hannun wanda ke zaune. Banɗaki ba tudu, ga ƙarfe a bango na kamawa. Da kansa ya dafa shayin. Wallahi sai da na tuna yadda Kawu ke jan jiki zuwa bayi in an yi ruwa, ko ya jira wani ya ɗaga shi, dattijo guda.

A Faransa dokar 2005 ce ta kafa ofishin naƙasassu, MDPH, a kowane yanki. Ta nan ake neman kuɗin wata, wanda ya ɗan haura yuro 1,000, da tallafin gyaran gida da na mai zuwa taimako. Amma ba komai ne lafiya ba. A 2018 sun rage gidajen da dole a gina a shirye wa naƙasassu, daga duka zuwa kashi 20 cikin 100 na gidajen da ke cikin sababbin benaye, kuma mutum kan yi shekaru yana jiran gida. Sannan ga kaɗaici. Ran sallah ban da ni ba wanda ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcin nawa ƙofa. Kawu kuwa bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, wannan kam mun fi su.

Mu ma Kamaru muna da dokar naƙasassu ta Afrilun 2010, sai dai ba ita za ta gina mana ɗakin ba. Don Allah Yaya, a yi ƙofar mai faɗin santimita 90, a zuba gangaren siminti tun daga zaure, bayin ya zama na zama, kusa da ɗakinsa. A tambaye shi ma inda yake son taga. Kuɗin simintin zan turo ƙarshen wata, in sha Allahu.