Horizon Zero Dawn: na saye shi don harbin dabbobin ƙarfe, sai ga ni zaune ina sauraron matattu

Tun farko in faɗa muku, wanda bai buga gem ɗin nan ba kuma yana da niyya, ya tsaya a nan. Zan fasa ƙwai, domin abin da ya kama ni a cikinsa ba ya faɗuwa sai an taɓo sirrin labarin.

Ni dai na daɗe ba na shiri da gem ɗin da ke haɗa takobi da na'urorin zamani wuri ɗaya. Haɗin gambiza nake ɗaukarsa. Ko Final Fantasy VII na 1997 da kowa ke yabo, na buga, na kuma ji daɗinsa, amma tambaya ɗaya ba ta taɓa barina ba: ga soja riƙe da bindiga, ga jirgi mai saukar ungulu, ga manyan tashoshin makamashi, to me zai sa mutum ya saɓo takobin da ya kusa kai tsawonsa ya ce da shi zai yi yaƙi? Kullum amsar ita ce sihiri, ni kuma idan aka ce min sihiri sai in ga kamar marubuci ne ya rasa mafita. Don haka da na ga bangon Horizon Zero Dawn, yarinya mai jan gashi sanye da fatu, riƙe da kwari da baka, kusa da ita ga wani inji kamar dinoso, sai na ce ga wani kuma. Tun 2017 ya fito a PS4, ban ko waiwaye shi ba sai bayan shekaru, shi ma don wani abokina ya hana ni sakat. Na sayi Complete Edition, wanda aka haɗa da ƙarin The Frozen Wilds, ya yi wata biyu a ajiye ban saka ba.

Awannin farko ba su canza min ra'ayi ba. Aloy, yarinyar nan mai jan gashi da kake bugawa da ita, saniyar ware ce a ƙabilar Nora, ba mai yi mata magana, don ba a san uwarta ba. Wani korarren mafarauci mai suna Rost ne ya raine ta. Ƙabilar tsofaffin mata ne ke mulkinta, suna bauta wa wani dutse da suke kira Uwar Kowa, suna tsoron kufan mutanen da, suna labarin wani Shaiɗanin Ƙarfe. Can gaba ga Carja masu bautar rana da sarkinsu Avad a birnin Meridian, ga Oseram maƙera. Tatsuniya ce sak, sai dai an cire aljanu an zuba injuna. Ina bugawa ina hamma.

Ana cikin haka abokin nan ya kira ni. "Kai, ka kai wurin da aka gane ba mace ce ta haife ta ba, inji ne?" Na ce masa, malam, ni fa yanzu na fito daga ƙasar Nora. Ya yi shiru, ya ce au, yi haƙuri. Haƙurin me kuma, ihu bayan hari. Kwana huɗu ban taɓa gem ɗin ba don haushi. Da na dawo, na dawo ne da niyyar in ci kuɗina a farauta kawai, tunda labari ya riga ya mutu.

Farautar kuwa ba laifi. Karon farko da na haɗu da Thunderjaw, ƙaton injin nan mai kama da dinoso, na ji a jikina. Sau shida yana kashe ni, ina ta antaya masa kibau kamar mai jifan bango da tsakuwa, kafin na lura cewa bindigogi biyun da ke kan ƙugunsa, masu harba faya-fayai, ana iya ɓalle su da wata kibiya ta musamman, ka ɗauka ka juya masa kayansa. A karo na bakwai na ɗaure shi da igiyoyi ya faɗi, na ɓalle ɗaya, na juye masa ita kaf. Hannuna har rawa yake yi. Amma wannan jin daɗi ne da kowane gem mai kyau zai ba ka. Ba shi ya sa nake rubutun nan ba.

Abin ya same ni ne a wani tsohon gini da ke ƙarƙashin birnin Sunfall. Kafin ka kai can, gem ɗin ya riga ya gaya maka cewa wani attajiri, Ted Faro, ya ƙera injunan yaƙi masu hayayyafa da kansu, masu cin duk wani abu mai rai a matsayin mai, kuma an kulle su yadda ba mai iya kutsa musu. A 2064 wani rukuninsu ya daina karɓar umarni. Ka kuma ji cewa an ba duk mai iya riƙe bindiga makami, an ce su tare injunan har a kammala wani babban shiri mai suna Zero Dawn. Ni a lissafina magana a fili take: shirin makami ne, kuma ya yi aiki, tunda ga mutane nan suna yawo bayan kusan shekara dubu. Na shiga ginin ne da gadarar wanda ya san ƙarshen labari.

Sai Aloy ta shiga wani ɗaki mai kujeru, irin na tarbar baƙi, komai ya yi ƙura. Hoton haske ya tashi, wani janar mai suna Herres ya fara magana a natse. Abin da ya ce a taƙaice: babu wani makami. Ba a taɓa yin niyyar ƙera shi ba. Duk mutanen da aka tura fagen daga an yaudare su ne don a sayi lokaci, kuma shi ne ya tsara yaudarar. Ba za a iya tsayar da injunan ba, kowa zai mutu, har ciyawa da ƙwari. Wallahi ajiye kwantirola na yi a cinya. A ɗaki na gaba Elisabet Sobeck, masaniyar da ke jagorantar Zero Dawn, ta bayyana ainihin shirin: a gina ƙirƙirarriyar basira mai suna GAIA, wadda za ta jira har duniya ta zama ƙeƙasasshen dutse, ta yi shekaru tana warware makullin injunan ta kashe su, sannan ta wanke ruwa da iska, ta sake shuka tsirrai, ta fito da mutane daga 'yan tayin da aka adana a ƙarƙashin ƙasa. Masanan da aka kwaso wurin zaɓi uku aka ba su bayan sun ji gaskiya: su yi aikin, ko a tsare su don kar sirri ya fita, ko likita ya taimaka musu su mutu. Akwai muryoyinsu da aka naɗa warwatse a ɗakunan, wani yana zagi, wani yana kuka, wani yana wasa don ya ɓoye tsoro. Ni da nake tsallake duk wata murya da aka naɗa tun farkon gem, ranar sai da na bi kowane lungu na saurare su ɗaya bayan ɗaya. Na fi awa ɗaya a wurin ban harba kibiya ko ɗaya ba har sai da abokan gaba suka faɗo.

Abin da ya fi girgiza ni ba mutuwar duniya ba ce, wannan an sha yi. Tatsuniyar Nora da nake yi wa dariya, ashe gaskiya ce kalma da kalma. Sun ce daga cikin dutse suka fito, kuma daga can ɗin suka fito, domin a cikinsa aka ajiye ɗaya daga cikin ɗakunan rainon. Sun ce Uwa tana magana, kuma tana yi, muryar ƙofa ce mai tantance mai shiga, wadda ta duba Aloy ta ce ta yi daidai da wata mata da kashi 99.47 cikin ɗari. Shaiɗanin Ƙarfe yana nan kwance a kan dutsen, gawar inji ce. Dabbobin ƙarfen ma ba ado ba ne. Mai kama da kada ruwa yake tacewa, mai kama da raƙumin dawa tashar sadarwa ce mai tafiya. Kuma tsohuwar tambayata ta samu amsa: me ya sa kwari da baka a zamanin injuna? Saboda rumbun da aka tara ilimin ɗan Adam gaba ɗaya, APOLLO, Faro ya goge shi, ya kashe shugabannin shirin. Yara suka tashi a hannun injunan raino da iliminsu bai wuce na 'yan firamare ba, aka buɗe musu ƙofa suka fita daji. Nan kam tsuntsun da ya ja ruwa ba shi ruwan ya doka ba. Ban tuna wani mugu a gem da na tsana kamar mutumin nan ba, alhali ko sau ɗaya ba ka haɗuwa da shi.

To da daren nan na ce wannan ne gem mafi kyau da na taɓa bugawa. Washegari na koma na tuna abubuwan da ke ci min rai. Hawan dutse, misali. Aloy za ta iya hawa injin da ya kai bene tsayi, amma dutsen da bai wuce ƙirjinta ba sai ta tsaya tana tsalle a gabansa, sai ka nemo inda aka yi alamar kamawa. Wanda ya buga Breath of the Wild, da ya fito kwana kaɗan bayan wannan a 2017, inda kusan duk abin da ka gani za ka iya hawa, zai ji kamar an ɗaure masa ƙafa. Jaka kullum a cike, ka tsaya kana zubar da kaya a tsakiyar daji. In kana son faɗaɗa ta sai ka farauto ƙananan dabbobi. Na yi kusan minti arba'in ina bin yanyawa don fata ɗaya tak, da ake buƙata kafin a sayi kayan tafiyar gaggawa marar ƙarewa, mai kai ka wuri nan take ba sai ka taka ba. Mai ceton duniya ke nan tana bin yanyawa a ciyawa. Yaƙi da mutane kuma ba armashi, ka ɓuya a jan ciyawa ka yi fito, su zo ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin layi. Fuskoki a wurin hira wani lokaci kamar an manna su. An fitar da sabon gyararre a 2024, amma ni tsohon na buga, a kansa nake magana.

Ƙarshen ne ya fi ba ni haushi. Bayan duk wannan gini, bayan an yi ta tsorata ka da HADES, wani ɓangaren GAIA da ya ɓalle yana neman sake kashe duniya, abin da aka ajiye maka a yaƙin ƙarshe shi ne Deathbringer, injin da ka riga ka kashe irinsa fiye da sau ɗaya a baya. Na gama shi a karo na biyu ina jiran wani abu ya fito, sai ga rubutun kammalawa. Da a ce don yaƙin ƙarshe na saya, da na ce kuɗina sun tafi a banza.

Amma kuma ban goge shi ba. Na koma ƙasar Nora da ƙafa, ban yi tafiyar gaggawa ba, na sake bin ƙauyukan da na wuce a guje a farko, ina sauraron abin da mutanen ke faɗa game da Uwa da dutse, yanzu da na san abin da ke bayan ƙofar. Shi kuwa abokin nan, abin da ya fasa min ashe ƙaramin ƙwai ne, babban bai taɓa ba, ko don ya manta ko don ya tausaya min. Na sayi ci gabansa, Forbidden West na 2022, yana nan ban fara ba, kuma na gaya masa duk ranar da ya kira ni ya ce "ka kai wurin da", zan kashe waya.