Yelwa ko Miri: ina mai aiki a cikin Bauchi zai kama haya?

Wanda ke sammakon zuwa Wunti, a tsakiyar gari, kuma ba shi da abin hawa, Yelwa ta fi masa. Tana kan hanyar Dass, ga jami'ar ATBU, ga kwalejin fasaha ta tarayya a Gwallameji, shi ya sa Keke Napep ba ya yankewa. Sai dai ɗalibai sun sa ciki da falo ya yi tsada, hayaniya kuwa sai dare ya raba.

Miri, a hanyar Jos, akwai sarari da iska, yara su sake. Ni dai ita nake zaɓar wa mai iyali, muddin yana da mashin, don tsayuwa bakin titi kullum da gajiya. Kafin ka biya, leƙa rijiyar gidan, ka tambayi maƙwabta ko tana ƙafewa da bazara.