Injin dai sun tayar min, amma abin da suka yi wa gindin jirgin har yau yana cin raina

Toh ga masu ta tambayata ya na ƙare da mutanen nan masu gyaran tsofaffin jiragen ruwa na ƙarfe, bari na faɗa gaba ɗaya na huta. Ba zan kama sunansu ba, waɗanda suka sani sun sani.

Jirgin nawa tsoho ne na ƙarfe, injin cikinsa kuma ya ma fi shi tsufa, farantin tagullar da ake rubuta suna da lamba babu shi, ramukan kusoshinsa kawai suka rage, fenti kuwa hawa kan hawa har ba ka ganin rubutun da aka zuba a jikin ƙarfen. Wanda na saya a hannunsa rantsuwa yake injin fetur ne, hujjarsa ga fulogi ga kafireto ga maganeto, me kuma ake nema. Makanikai da dama sun leƙa, wannan ya ce ƙirar kamfanin Lister ne, wancan ya ce Petter, wani ma cewa yayi na cire na sayar wa 'yan gwangwan na sa na zamani na huta da wahala.

Da na kai musu jirgin, dattijon makanikin wajen nan kuwa wallahi ko sifana bai ɗauka ba. Ya sauka ɗakin inji da tocila, ya shafa kan silinda, ya kama wani ɗan hannu da ke sama ya juya shi gaba da baya, sai naji yana dariya shi kaɗai. Ya ce ɗana wannan ai Kelvin ne, kuma dizal yake sha, fetur ɗin na tayarwa ne kawai. Na ce Baba dizal da fulogi? Ya nuna min famfon mai da nozul da datti ya binne, sannan ya zauna yayi min bayani dalla dalla, abinda babu wanda ya taɓa yi min. Injin dizal matsinsa yafi ƙarfin hannun mutum, to su kamfanin Bergius na Glasgow, wanda Walter Bergius ya kafa a 1904, sai suka yi wa kan silindar wani ƙarin ɗaki mai bawul. Ka buɗe bawul ɗin matsi ya ragu, inji ya koma kamar na fetur, ka ɗan zuba fetur a kafireto ka juya da hannu maganeto ya ba da wuta ya tashi, in ya ɗan yi ɗumi ya samu gudu sai ka mayar da hannun, ɗakin ya rufe, matsi ya dawo, ya kama dizal. Babu batir babu sitata.

Saura ace wanne ne a ciki, don iri biyu ne masu wannan tsarin da suka fito a shekarun 1930, akwai J akwai K. Da suka buɗe kan sai ya auna faɗin silinda, ya ce na K inci 6 ne cif, nawa kuwa inci 4 da 'yan kai, silinda biyu, kenan J2 ne mai ƙarfin doki 22, da K2 ne da 44 zai zama kuma da wuya ma ya shiga ɗan ɗakin injin nan. Daga baya da suka kankare fenti a hankali da hannu sunan ya fito ɓaro ɓaro a jikin murfi. Abin da ya ƙara burge ni, bai bar yara sun taɓa notinan da sifanar zamani ba, ya ce zaren tsofaffin injinan Birtaniya Whitworth ne, kwanarsa digiri 55, na zamani na mita kuwa 60, kana tilasta masa ka kashe zare ka kuma murje kan noti, ya ɗauko wani tsohon akwatin sifanu nasa na kansa. Akwai tsaga a jikin rigar ruwan sanyaya, ni duk na ɗauka walda za a yi, ya ce sam ƙarfen zubi ba ya son zafin walda, sai ya ƙara tsagewa ta gefe, ɗinke shi suka yi a sanyi, a huda ƙananan ramuka a jere a dasa makullan ƙarfe. Har yau ko ɗigo.

Ranar da aka tayar da shi kam ba zan ɓoye ba naji daɗi sosai. Da fetur yana wani tari tari da sauri, ana juya hannun nan sai murya ta sauya ta koma dum dum dum a nutse, hayaƙi ya ɗan yi baƙi ya washe. A ranar da an ce na ba su maki da na ba su duka har da ƙari, har na fara tura musu mutane.

Amma fa gindin jirgi. Kai ina rubutun nan ma raina na sake ɓaci. Su da kansu suka kawo na'urar auna kaurin ƙarfe, irin wadda ake dannawa a jiki ta nuna lamba, suka bi suka zana da alli, farantin da asalinsa milimita 6 ne wasu wuraren ya dawo 3, musamman ƙarƙashin inji inda ruwa ke kwanciya ta ciki, don jirgin ƙarfe sau da yawa daga ciki tsatsa ke cinye shi, kai kana ta shafa fenti a waje. Muka yi magana baki da baki da ogan sashen walda cewa za a yanke ruɓaɓɓen a saka sabo. Da na zo dubawa sai na tarar faci suka ɗora a kai suka bi gefe da walda, ruɓaɓɓen yana nan a ƙasa. Na yi magana ya ce ranka ya daɗe kowa haka yake yi. Eh na sani ana yi, ba haramun bane in an yi da kyau, amma ba shi muka yi da ku ba kuma ba kuɗinsa na biya ba, gashi ya ƙara wa jirgi nauyi, kuma duk ranar da ruwa ya samu hanya tsakanin faranti biyun nan zai ci ƙarfe ba mai gani. Na haɗiye wannan saboda darajar Baban inji.

Sai fenti. Tsohon abinda ke jiki baƙin kwalta ne, duk wanda ya taɓa wannan harka ya san fentin ifoksi mai haɗi biyu ba ya kama kan kwalta, dole a feshe da yashi har sai farin ƙarfe ya fito, a kuma shafa hawan farko nan take kafin jan tsatsa ya sake hawa. Sun feshe inda ido ke gani, can ƙasa kusa da farfela da wajen da jirgin ya zauna kan katako suka bar shi suka shafe haka nan. Da na sake fitar da jirgin daga ruwa don duba shaf, sandar da ke juya farfela, fentin wajen da hannu nake ɓare shi kamar bawon dafaffen ƙwai.

Abinda ya fi ƙona min rai shi ne anod. Dunƙulen ƙarfen nan da ake mannawa a gindin jirgi don shi ya narke a madadin jikin jirgin, aikinsa kenan, ya taɓa ruwa ya ci kansa. To wani gwani a cikinsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafe da fenti tas, wai don aiki yayi kyau. Anod mai fenti ai ado ne kawai. Na kankare ɗaya sai naga ma na tutiya ne, alhali na faɗa na nanata jirgin a ruwan daɗi yake zama ba teku ba. Tutiya ta ruwan gishiri ce, a ruwan daɗi farin ɓawo take yi ta daina aiki, maganiziyam ake sawa. Wato ko ba su fente ba kuskure ne, sun kuma fente. Ga sababbin ƙananan ramukan tsatsa nan sun fara fitowa a gefen layin waldar da suka yi, a jirgin da aka ce an gama gyarawa.

Na kira, ogan ya ce yaro ne sabo, a kawo za su duba, amma kuɗin ɗaga jirgi daga ruwa nawa ne. Yaro sabo shi ya zaɓi tutiya? Shi ya canza yanka zuwa faci? Baban da kansa ya kira ni daga baya yana ba ni haƙuri a kan abinda ba sashensa ba, har kunya ta kama ni, shi ya sa ma na kasa zuba musu duk abinda ke bakina.

Yanzu in inji ne da kai wanda ba ka san asalinsa ba, cire shi ka kai musu shi kaɗai, ka ce Baba kake nema, kar ka yarda wani ya taɓa. Jirgin kuwa ka nemi wani wajen, ko ka sa kujera ka zauna a gindinsa har su gama, kuma duk abinda kuka yi a rubuta a takarda. Ni dai na sayi maganiziyam ɗina zan sa da hannuna, facin kuma sai na tara kuɗi a yanke shi, batun raba kuɗin ɗagawa sun ce za su kira ni, ina nan ina jira.